Da Furfura A Gemuna Na Fara Koyon Kodin

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Ina koyar da darasin zamantakewa a wata sakandare mai zaman kanta, kuma ni ne jami'in jarrabawa na makarantar. Ina da shekara 42 na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, abin nan da yaran yanzu ke ce wa kodin. Abin da ya sa na ga ya kamata in ba da labarina shi ne, kusan duk labarin da ake yawo da shi a kan wannan harka na matasa ne: ɗan shekara ashirin ya koya cikin wata shida, yanzu yana zaune a ɗakinsa dala na shigo masa. Nawa ba haka yake ba. Har yau ban taɓa karɓar dala ko ɗaya ba, har yau da alli nake cin abinci. Amma na koya, alhamdu lillahi, kuma na san wuraren da magidanci ke yin tuntuɓe a wannan hanya.

Korona ce ta tura ni. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a Afrilu kuma aka kulle Kano. Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar kuɗi ya san abin da hakan ke nufi: da kuɗin da iyaye ke biya ake yin albashi, in babu ɗalibai babu albashi. Haka muka zauna wata da watanni. A lokacin ɗan yayana yana gida shi ma, ga kulle ga yajin aikin malaman jami'a wanda ya ci kusan shekarar gaba ɗaya. Kullum yana tsakar gida da laftof a cinya, yana haɗa wa masu shaguna shafukan intanet ana turo masa ɗan abin da ya samu. Yaron da da hannuna na kai shi aji ɗaya na firamare, shi ne ya saya mana buhun shinkafa a azumin shekarar. Na yi masa addu'a, amma abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na tambaye shi ko abu ne da babba zai iya koya, ya ce, "Haba Baffa, kai da ke koyar da mutane? Ai wata uku ya yi maka yawa."

Da aka koma makaranta albashi ya dawo, na jira kwasar adashina a farkon 2021, na nufi titin Beirut na sayi laftof ta hannu. Batirinta ba ya wuce awa ɗaya da 'yan mintoci, amma iyakar ƙarfina ke nan. Yaron ya zaɓar mini Python, ya ce a cikin harsunan kwamfuta shi ya fi kusa da maganar mutane. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991, kuma da gangan ya tsara shi yadda zai yi sauƙin karantawa. Ban musa ba. Sai dai kafin in kai ga inda sauƙin yake, na sha wuya a bakin ƙofa.

Wannan bakin ƙofar ita nake so in daɗe a kanta, don ba a cika faɗinta ba. Darussan da ake rubuta wa "na wanda bai san komai ba" suna nufin wanda bai san kodin ba, amma ya tashi da kwamfuta a hannu. Ni na yi shekaru ina taɓa kwamfuta, sai dai iyakata Word, in buga tambayoyin jarrabawa in kai a gurza. Ban san fayil yana da adireshi ba. Ban san inda abin da na adana yake tafiya ba, in na neme shi sai dai in buɗe Word in duba na baya-bayan nan. Da na sauke Python, akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafin farko da ake so mutum ya danna domin Windows ta san inda aka ajiye shi. Mai bidiyon da nake bi ya danna shi cikin ƙiftawar ido bai ce komai ba. Ni kuwa na buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, kwamfuta ta ce ba ta san wani abu mai suna python ba, alhali yanzun nan na zuba shi a cikinta da datata. Da aka wuce wannan, sai na rubuta layina na farko a Notepad na sa masa suna da .py a ƙarshe kamar yadda aka ce, ashe Notepad ta ƙara masa .txt a ɓoye, Windows kuma ba ta nuna wutsiyar suna sai an ce ta nuna. Duk wannan ba kodin ba ne, share fage ne kawai. Amma a nan mutane da yawa irina ke cewa kansu ya toshe, su rufe laftof su ba yara su yi kallo da ita.

Sai kuma na faɗa hannun wani tsohon bidiyo. Malamin ya rubuta print, umarnin da ke fito da rubutu a allo, ya ba da tazara, ya sa kalmarsa, ta fito. Ni na kwafa harafi da harafi, sai jan rubutu. Na goge na sake, na duba waƙafi da aya, jan rubutu dai. Ashe Python iri biyu ne a duniya: na 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, da na 3 wanda ya fito tun 2008 kuma shi ne a kwamfutata. A na 3 dole a sa abin da za a buga cikin baka biyu. Abin dariyar shi ne, jan rubutun nan da nake jin tsoro ya faɗi hakan ƙarara, har da tambayata ko abu kaza nake nufi. Ban karanta ba ne. Da na ga ja sai gabana ya faɗi, kamar yadda ɗalibi ke ji in an miƙo masa takardarsa. Na daɗe kafin in saba da cewa layin ƙarshe na jan rubutun shi ne ke faɗin abin da ya faru, har da lambar layin da matsalar take.

Turancin ma wani abu ne. Ina da NCE, ina da digiri, da Turanci nake koyarwa. Amma wannan wani Turanci ne a cikin Turanci, kalmomin da ka sani tun firamare sai ka tarar an ba su wata ma'ana dabam. Ga shi mafi yawan masu bayanin da ya fi shiga kaina 'yan Indiya ne, Allah ya saka musu, sun iya warware abu dalla-dalla, amma harshensu na gudu. Sai na rage saurin bidiyo, in sa abin ji a kunne, in riƙa tsayarwa ina rubutawa a littafi da biro. Ɗan yayana ya yi ta dariyar littafin nan. Har yau yana nan, ya cika na sayi wani.

Mu zo kan girma, wanda a wurina ya fi duk waɗannan nauyi. In na maƙale na kira yaron, sai ya durƙusa gefena ya ce, "Baffa, kawo in gani." Ya ja laftof ɗin gabansa, yatsu su yi ta rawa, kafin in gyara zaman tabarau ya ce, "Shi ke nan, ya yi." Ya yi ɗin, amma ni ban ga abin da ya taɓa ba. In ya ce, "Ka gane ko?" sai in ce na gane. Yaya za a yi in ce wa ɗan cikina ya maimaita karo na uku? Mutumin da ya saba shi ake tambaya a gida, shi ake tambaya a aji, shi ke raba gardama a majalisa, ba ƙaramin abu ba ne ya zauna gaban yaro yana cewa ban gane ba. Daga baya na kafa masa doka: in ya zo taimakona, hannunsa a baya, da baki kawai zai yi, ni zan danna. Ya sha wuya da dokar nan fiye da ni, don ina ganin yadda yake cije leɓe ina laluben inda alamar ruwa biyu take a madannai. Amma daga ranar ne abin ya fara zama.

Ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, amma masu karin maganar ba su lissafa abin da gemu ke tafe da shi ba. Ni daga asuba in na fita sai bayan azahar nake barin makaranta, da la'asar ina da darasin gida da nake yi wa 'ya'yan wani bawan Allah don cike giɓi, ga cefane, ga yaro ba lafiya a kai shi asibiti. Asabar da Lahadi kuwa na jama'a ne: ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, taron dangi, kuma babu wanda za ka ce wa ba ka zo ba saboda kana koyon kwamfuta. Shi kuwa kodin yana son mutum ya riƙe abubuwa huɗu ko biyar a kansa lokaci guda, wannan na ɗauke da me, wancan daga ina ya zo. Sallama ɗaya a ƙofar gida ta isa ta watsar da su duka. Lokacin da ya rage mini shi ne bayan isha, sa'ar da ido ya riga ya yi nauyi, ita kuma wuta sai ta ga dama, sau da yawa sai ƙarfe ɗayan dare ake kawo ta. Akwai daren da uwargida ta farka ta gan ni zaune a kan tabarma, hasken allo a fuskata, ta ce, "Malam, wai wannan abin da kake ta dannawa, yaushe zai fara kawo na cefane?" Ba gatse take yi ba. Ita ta san abin da data ke ci a cikin albashin, tambayarta a kan hanya take, kuma ba ni da amsa.

Ga mantuwa. In aka shiga makon jarrabawa ko azumi na ɗaga ƙafa, in na dawo sai in buɗe abin da na rubuta da hannuna in kasa gane shi. Ga kuma wani tarko da bidiyo ke da shi: kana kallo kana gyaɗa kai, komai a fili, kana bin malamin kana kwafa, komai na aiki. Ranar da ka buɗe farin shafi ka ce bari ka yi naka, ko layin farko ba zai zo ba. Zama a shagon tela kana kallo shekara guda ba ya sa ka iya yanka yadi. Na gama darasi na shiga wani, na gama na shiga wani, har da na jami'ar Harvard da ake kira CS50, wanda yake kyauta a intanet, na leƙa na ga ana koyar da harshen C na ja da baya. Wajen ƙarshen 2021 na ajiye abin gaba ɗaya. Laftof ta koma ta buga tambayoyin jarrabawa.

Aikin ƙarshen zango ne ya dawo da ni. Wanda bai taɓa zama jami'in jarrabawa ba bai san wannan azaba ba. Kowane malami zai kawo makin ɗalibansa, gwajin cikin zango 40, jarrabawa 60. A haɗa, a ba kowa matakinsa irin na WAEC, daga A1 ga wanda ya samu 75 zuwa sama, har F9 ga wanda bai kai 40 ba. A tara jimillar kowane yaro a duk darussa, a fitar da matsakaici, a jera na ɗaya har na ƙarshe, sannan a kwafe komai cikin katin sakamako ɗaya bayan ɗaya. Aji bayan aji, da kalkuleta, ga iyaye na jiran ranar rabon kati. Ana cikin haka na karanta labarin Quincy Larson, wanda ya kafa freeCodeCamp, shafin koyon kodin kyauta, a 2014. Shi ma harkar makaranta yake yi, ya haura shekara talatin kafin ya fara koyo, kuma abin da ya fara ja shi shi ne rage wa malamansa wahalar aikin takardu. Sai na ce to, ni ma ga tawa wahalar a gabana. Na daina bin darasi, na ce abu ɗaya nake so: in zuba maki, kati ya fito. Ɗan yayana ya ce Excel ma za ta yi rabin wannan aiki, kuma gaskiyarsa. Na ce ya bar ni dai.

A nan na fara sanin halin kwamfuta na gaskiya. Na ce ta haɗa 20 da 35, ta ba ni 2035. Na ce ta jera yara daga mai maki mafi yawa, sai ga yaron da ya ci 9 a sama, ya take mai 80, shi kuwa mai 100 yana can ƙasa. Na zauna ina kallon allo ina salati. Dalilin shi ne, duk abin da aka karanto daga irin fayil ɗin da nake amfani da shi, a matsayin rubutu yake zuwa, ba lamba ba. Shi rubutu kuwa harafi-harafi ake gwada shi daga hagu: 9 ta fi 8, 8 ta fi 1, magana ta ƙare, ba a ma duba abin da ke biye. Sai ka ce mata a fili wannan lamba ce, sannan ta yi lissafi. An faɗi wannan a darussan da na kalla, na ma rubuta a littafina, amma bai zauna ba sai da na ga yaron da na san ko sunansa da ƙyar yake rubutawa ya zo na ɗaya. Haka na ci karo da cewa Python daga sifili yake fara ƙirga, har zakaran aji ya fito a matsayin na 0. Haka na gano cewa in ana raba mataki dole a fara tambaya daga sama, don in ka fara da "ya kai 40?" to mai 90 ma ya kai, sai a ba shi E8 a wuce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na haruffanmu masu lanƙwasa. Ina rubuta sunayen yara yadda suke, da ɗ da ƙ da ɓ. Da na zo adana sakamako, manhajar ta tsaya cak a kan sunan farko mai ƙ. Ashe Windows, in ba ka ce komai ba, da wani tsohon tsarin haruffa na Yammacin Turai take rubuta fayil, wanda babu namu a ciki. Sai ka ambaci UTF-8, tsarin da ya ɗauki har da haruffanmu, da bakinka. Na gyara wannan, sai ga wata: da na jera sunaye bi da bi, Ɗanladi da Ƙasimu suka koma can bayan Zainab, saboda lambar da aka ba waɗannan haruffa a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ta fi ta z nisa. Na kira ɗan yayana, ya duba ya ce bai taɓa gamuwa da wannan ba, don shi ba ya sa lanƙwasa in yana rubutu. Ya ce, "Baffa, ka cire ƙugiyar kawai mana, wa zai lura?" Na ce uban yaron zai lura, ni ma na lura. Na zauna na rubuta jerin abacada na kaina, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, na ce da shi za a yi jeri. Babu bidiyon da ya nuna mini wannan, babu inda na kwafa. Da ya yi aiki na tashi na yi alwala na yi nafila.

A wannan aikin ne kuma na ga inda shekaru ke da rana. Na san yara biyu in suka yi kunnen doki duka na biyu ne, mai bi musu kuma na huɗu. Na san akwai bambanci tsakanin yaron da ya ci sifili da wanda bai zauna jarrabawar ba saboda rashin lafiya, kuma in ka haɗa su ka zalunci ɗaya. Na san da wanda aka kawo daga wata makaranta a tsakiyar zango ba shi da makin gwajin farko. Matashin da ya fi ni gudun yatsu sau goma ba zai san waɗannan ba sai an gaya masa, su ne kuma rabin aikin.

Zangon farko da na yi amfani da manhajar ban yarda da ita ba, sai na yi aji ɗaya da hannu na gwada. Aka samu saɓani a yara biyu, da aka bincika kalkuleta ce ta yi tsallake. Aikin da ke cin mu fiye da mako ya koma na yini guda, in malamai sun kawo maki a kan lokaci, wanda shi ma wani yaƙin ne. Firinsifal ya ce, "Malam, ashe injiniya muke da shi ba mu sani ba." Albashi bai motsa ba, sai ma aiki da ya ƙaru, don yanzu ko firinta ce ta ƙi ni ake nema. Daga baya wasu makarantu biyu na unguwa suka ji labari, ina yi musu duk ƙarshen zango suna ba ni ɗan abin da ke biyan data har a yi cefanen kwana biyu. Uwargida ta samu amsarta, ko da ba mai yawa ba ce.

Da ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya a rubuce ta amsa, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 abubuwa sun yi sauƙi ta wani gefen. Ga wanda za ka yi wa tambaya ɗaya sau goma da tsakar dare ba tare da jin nauyi ba, wannan ga babba ba ƙaramar rahama ba ce. Amma shi ma halin ɗan yayana gare shi, so yake ya karɓi laftof ɗin ya yi maka. Kuma yakan kawo abin da ba daidai ba da cikakken ƙarfin hali, in ba ka riga ka sha wuyar gane abin da kanka ba, ba za ka kama shi ba. Dokar da na kafa wa yaron ita na kafa masa: ya yi bayani, ni in rubuta.

Yanzu ƙofofi sun fi da yawa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, kuma na ga tsofaffin ɗalibaina sun shiga. Sai dai tsadar ma ta ƙaru. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 na daina tayar da janareta don karatu, a 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga tallan nan na "koyi kodin cikin wata uku ka fara cin dala". Abokan aikina biyu sun biya kuɗin irin wannan, magidanta masu iyali, da suka ga wata uku ta cika ba su iya komai ba sai suka ɗauka kansu ne ya tsufa. Ba kansu ba ne. Ɗayansu ma malamin lissafi ne da ya fi ni kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. An ba su lissafin lokacin saurayi mara nauyin kowa, an kuma sa su gina abin da ba su da buƙatarsa. Da ya zo yana tambayata ta ina zai sake farawa, na tambaye shi wane aiki ne ya fi gundurarsa a mako. Ya ce lissafin adashin malamai da yake riƙewa. Shi yake rubutawa yanzu.

Ni kuma damuwata a yau ita ce manhajar a laftof ɗina kaɗai take aiki, laftof ɗin kuwa sai an jingina ta da bango saboda marfinta ya saki. In ta mutu ana gobe rabon kati, makaranta uku za su koma kalkuleta. Don haka na koyi ajiye kwafi a GitHub, shafin intanet da masu kodin ke adana aikinsu, kuma a wannan hutun ina zama da wata malamar aji uku ina nuna mata yadda ake tayar da ita, ina rubuta matakan da Hausa a takarda, tun daga ɗan akwatin da ake dannawa wajen sauke Python.